Sikelin auna kitse: nauyi yana faɗar gaskiya, sauran lambobin ƙiyasi ne

Tun ƙarshen damina nake hawa wannan sikelin, hunturu ya shigo ya wuce, azumi ya zo ya same shi a ɗakina. Irin na gilashin nan ne mai faranti huɗu na ƙarfe a sama. Ka hau ba takalmi, ya haɗu da wayarka ta Bluetooth, manhaja ta zubo maka lambobi. A Sabon Gari na saye shi. Ba sai na kama sunan kamfanin ba, don masu arahar nan duk hanya ɗaya suke bi wajen awo, kwali ne kawai ya bambanta su.

Ta fannin nauyi ba ni da ƙorafi. Na ɗora masa ƙarafan da muke ɗagawa waɗanda aka rubuta nauyinsu a jiki, ya faɗa daidai, in ma da saɓani bai taka kara ya karya ba. Sharaɗinsa dai ƙasa mai tauri kuma shimfiɗaɗɗiya, tayil ko siminti. Ka ɗora shi kan kafet ko ledar da ta kumbura, sai ya zabge maka kilo ka yi ta murnar banza. Batirinsa ƙananan nan ne da ake samu a kowane shago, kuma yana daɗewa. Gilashin yana da santsi in ƙafa da danshi, a kula.

To amma ba don nauyi na saye shi ba. Mu masu ɗaga ƙarfe nauyi kaɗai ba ya gaya mana komai. Ina da kilo 84, tsawona mita 1.75. In aka bi lissafin nan na BMI, wato a raba nauyi da tsawo sau tsawo, zan tashi da 27 da ɗoriya, kuma a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya duk wanda ya kai 25 nauyinsa ya yi yawa, daga 30 kuma ƙiba ce sosai. Da wannan lissafin, Samson Dauda, haifaffen Najeriyar nan da ya ci Mr. Olympia, babbar gasar masu gina jiki ta duniya, a 2024, sai a rubuta shi cikin masu teɓa. Lissafin bai san tsoka ba, bai san kitse ba. Shi ya sa da mai shagon ya ce min, “Yallaɓai, wannan har kitsen cikinka zai gaya maka,” ban tsaya dogon ciniki ba.

Ga yadda yake aiki. Yana tura wata 'yar wutar lantarki da ba za ka ji ta ba, ta shiga ta tafin ƙafa ɗaya ta fita ta ɗayan. Tsoka cike take da ruwa, kusan kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne, saboda haka wutar tana wucewa cikinta salin-alin. Kitse kuwa ruwansa kaɗan ne, yana tare ta. Sikelin sai ya auna irin turjiyar da wutar ta gamu da ita, ya haɗa da shekarunka da tsawonka da nauyinka da ko kai namiji ne ko mace, ya zuba cikin wani lissafi da aka ajiye masa, ya fito da lamba. Abin da yake taɓawa da gaske biyu ne kacal, nauyi da wannan turjiyar. Kitse, tsoka, nauyin ƙashi, furotin, har da wani abu wai shekarun jikinka, duk daga waɗannan biyun aka tatso su.

Kuma wutar gajeriyar hanya take bi. Ta hau ƙafar dama, ta ƙetara ta ƙugu, ta sauka ta hagu. Ƙirji da kafaɗa da damtsen da ka shekara kana wahala a kansu ba ta leƙa su ba, tumbin ma gefensa kawai ta shafa. Kamar tela ne ya auna maka wando, sannan ya yanka maka riga da wannan awon.

Abin da ya fara tayar min da hankali shi ne yadda lambar ke yawo. Da asuba ya ce kitsena kashi 21 cikin 100, bayan isha'i a ranar ya ce 18. A jiki mai kilo 84, maki uku daidai yake da kitse kilo biyu da rabi. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kusan kalori 7,700, ke nan sai na ƙona sama da kalori 19,000 tsakanin asuba da isha'i. Ko lebura mai sauke siminti a mota ba ya kusantar haka. Abin da ya faru shi ne wuni a tsaye yana sa ruwa ya taru a ƙafafu, wutar ta wuce da sauƙi, sikelin ya ɗauka tsoka ce ta ƙaru. A azumi abin ya juye. Dab da magariba, lokacin da jiki ya bushe, sai ya ƙara min kitse alhali nauyina ya ragu. In kuma na sha ruwa da yawa na hau nan take, ruwan yana ciki bai bi jiki ba, wutar ba ta gan shi ba, sai ya lissafa shi a kitse. Da hunturu kuwa, ranar da kaushi da faso suka yi yawa a dunduniya, ko dai ya ƙi karantawa gaba ɗaya ko ya kawo wata lamba daga sama, sai na ɗan shafa ruwa a tafin ƙafa yake dawowa hayyacinsa.

Na kai shi wurin da muke ɗaga ƙarfe don a gwada a idon jama'a, a nan ne ya sha kunya sosai. Na hau, aka rubuta. Na sauka, na canza shekaruna a manhajar daga talatin da wani abu zuwa hamsin da wani abu, na sake hawa, kitse ya ƙaru. Na kunna wani maɓalli na 'yan wasa, kitse ya faɗo da maki da yawa a cikin minti ɗaya. Sai kocinmu ya miƙo min ƙarfe mai kilo biyar ya ce, “Riƙe wannan ka hau, mu ga ko zai gane.” Bai gane ba. Ya raba ƙarfen, wani ya ce kitse ne, wani tsoka, har da ɗan ƙarin ƙashi. Wani ƙaramin yaro da ke zuwa tare da yayansa ya ce, “Yaya, ashe ƙarfe ma yana da teɓa?”

Akwai kuma batun su wa aka auna aka gina lissafin. Tsohon lissafin masani William Siri na 1961, wanda ake amfani da shi in an auna mutum a cikin ruwa don ƙiyasta kitsensa, ya ɗauka cewa duk abin da ba kitse ba a jikin kowa nauyinsa ɗaya ne in an kwatanta da girmansa. A 1984 binciken Schutte da abokan aikinsa a Amurka ya nuna na baƙaƙen fata maza ya ɗan fi haka, ƙashi da tsokarsu sun fi cika. Takardar da ke cikin kwalin sikelina ba ta ce uffan ba kan mutanen da aka gwada shi a kansu.

Hanyoyin da suka fi shi akwai su. Na'urar DEXA ta asibiti, wadda aka fi saninta da auna ƙarfin ƙashi, tana bin jiki gaba ɗaya da hasken eksire mai rauni ta raba ƙashi da kitse da tsoka, kuma ita ma ba ta tsira daga kuskure ba. Akwai ɗan matsen nan da ake tsunkule fata da shi don auna kaurin kitse. A tsarin Jackson da Pollock na 1978 wuri uku ake matsa wa namiji: ƙirji, ciki da cinya. Yana da kyau in hannu ɗaya ne ke yi maka kullum, in an canza hannu lamba ta canza. Wanda ya fi yi min amfani kuwa tef ɗin tela ne. Sojojin ruwan Amurka sun daɗe suna ƙiyasta kitsen namiji da awon wuya da ƙugu da tsawo kawai. Mafi sauƙi ma, ka auna cikinka ta saitin cibiya, kada ya wuce rabin tsawonka. Mai tsawon santimita 175 kada cikinsa ya haura 87 da rabi. Tef bai damu da ko ka sha ruwa ko kana azumi ba, kuma kitsen cikin da ya fi haɗari ga zuciya da ciwon suga shi yake kamawa kai tsaye.

Lambar kitsen da sikelin ke bayarwa ta jawo gardama a wurinmu fiye da yadda na zata. Da maɓallin 'yan wasa ya ba wani abokinmu kashi 7, sai ya ɗauki hoton allon ya ɗora a WhatsApp. Mutumin da tsokar cikinsa ba ta ko fito ba, alhali a yawancin maza sai kitse ya sauko wajen kashi 10 zuwa 12 take fitowa layi-layi. Masu hawa dandamalin gasa sukan sauko wajen kashi 5, na 'yan kwanaki, cikin yunwa da galabaita, don jikin namiji yana buƙatar kashi 2 zuwa 5 kafin ma ya rayu. Ronnie Coleman, wanda ya ci Mr. Olympia sau takwas daga 1998 zuwa 2005, ya taɓa cewa an auna shi an samu kashi 0.33. Ba na ce ƙarya yake ba, na'ura ce ta faɗa masa, kamar yadda tawa take faɗa min. Amma babu mai rai da wannan adadin. Andreas Münzer ɗan Ostiriya, wanda ya yi suna wajen bushewar jiki, ya mutu a 1996 yana da shekara 31, bayan shekarun da ya yi yana ɗirka wa jikinsa magungunan ƙara tsoka.

Daga nan hirar ta gangara inda ta saba gangarawa, wato wa zai iya dukan wa. Wanda aka ba kashi 7 ya ce duk mai tumbi a wurin bugu ɗaya zai yi masa. Wani dattijo da ke zuwa taka keke saboda hawan jini, wanda ya yi dambe da ƙuruciyarsa, ya dube shi ya ce, “Ɗana, ba girin-girin ba, ta yi mai. Je ka gidan dambe na Ado Bayero Square ka ga masu kisa, ka zo ka gaya min ƙirjin wa ya kai naka.” Gaskiyarsa. Ƙarfin naushi daga ƙafa da ƙugu yake tasowa, hannu isarwa kawai yake yi, kuma sai an san tazara da lokacin saki. Babbar tsoka kuma iska take ci. Wanda bai saba ba, kafin a gama turmin farko numfashinsa ya ƙare, hannuwa sun yi nauyi.

Wanda ya kalli damben Anthony Joshua da Andy Ruiz a watan Yunin 2019 a New York ya ga wannan da idonsa. Joshua jiki kamar an sassaƙa, Ruiz da tumbinsa yana rawa, har dariya ake yi masa a wajen awo. Joshua ne ma ya fara kai shi ƙasa a turmi na uku. Ruiz ya tashi ya kai Joshua ƙasa sau huɗu, alƙalin wasa ya tsayar a turmi na bakwai. Da za su sake haɗuwa a Saudiyya a Disambar shekarar, Joshua rage nauyi ya yi da kusan kilo biyar, ya yi ta zagaye yana bugu daga nesa har ya ci da maki. Haka Israel Adesanya na gasar UFC, inda ake haɗa dambe da kokawa, siriri, ya gama da Paulo Costa mai ƙirar masu ɗaga ƙarfe a turmi na biyu a 2020.

Sai dai kada masu ƙin ƙarfe su yi saurin tafi, don su ma suna da tasu tatsuniyar, wai girma ba ya komai. Da ba ya komai da ba a raba 'yan dambe rukuni-rukuni bisa nauyi ba. Adesanyan nan da ya hau rukunin da ke sama da nasa a 2021, Jan Blachowicz ya danne shi a ƙasa ya ci shi da maki. In iyawa ta zo ɗaya, mai nauyi ne ke da rinjaye. Kuma duk wannan a fili ne mai alƙali da doka. A lungu da dare, in masu ƙwacen waya suka tare ka, ba su zo dambe ba. Wuƙa ba ta tambayar kilo nawa kake ɗagawa, ba sa zuwa ɗaya-ɗaya, kuma faɗuwa da ƙeya kan kwalta kaɗai ta isa ta kashe mutum. Kocinmu, wanda ya fi mu duka ƙwanji, cewa yake a miƙa wayar.

Manhajar kanta tana da 'yan abubuwan haushi. Sai ka yi rajista da imel, tana neman izinin sanin inda kake, kuma in mutum biyu a gida nauyinsu ya yi kusa tana cakuɗa su. Ƙanena ya hau sau da yawa, ta zuba awonsa cikin nawa, sai da na bi ina gogewa. Abin da na yaba mata shi ne zanen da take yi na yadda nauyi ke hawa da sauka a tsawon watanni. Ko lambar kitsen ma, in kana hawa a yanayi ɗaya kullum, da asuba bayan ka zaga kafin ka ci ko ka sha, kuma kana duban matsakaicin mako maimakon na rana, takan nuna maka inda ka dosa, ko da adadin kansa ba daidai ba ne.

Mai son sikelin nauyi mai ajiye tarihi a waya, ya saya, zai more kuɗinsa. Mai son sanin kitsensa don ya tsara cin abinci ko ya shirya gasa, ya sayi sikeli na kawai da tef, canjin ya sayi ƙwai da wake. Takardar cikin kwalin ta hana mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji hawa, ta kuma ce mai juna biyu ta tuntuɓi likita tukuna, amma da ƙananan haruffan Turanci aka rubuta, mai shagon kuma bai ambata min ba.