Mai fulawar hanyar Samaru ya ceto min okid, amma ina da ƙorafi

Fulawar okid ɗin nan ƙanwata ce ta kawo min daga Abuja, irin wadda ake kira Phalaenopsis, mai farin fure. A jikin tagar falo na ajiye ta, a nan ta sha hunturun Janairu. Da na ga ganyenta ya yamutse sai na ce bushewar iska ce, tunda mu ma leɓe tsagewa yake, na riƙa ba ta ruwa kusan kullum, har da dare.

Da ganye biyu suka yi rawaya na ɗauke ta sai wajen mai fulawar nan na hanyar Samaru. Yana zare ta daga tukunya wari ya bugo ni. Abin da aka cusa mata a ciki ya jiƙe sharkaf kamar soso. Ya matsa saiwa ɗaya da yatsa, ɓawon ya saɓule, sai wani siririn zare ya rage. Ya ce, "Hajiya, ba ƙishirwa ba ce. Sanyi da ruwa ne suka haɗu suka ruɓar da ita. A dawa a jikin bishiya take rayuwa, saiwarta iska take so."

Ya goge almakashi da sifirit, ya yanke duk baƙaƙen, saura 3 kacal masu tauri. Ya shafa ɗan garin kirfa a bakin yankan kawai, ya mayar da ita robar da ake hango ciki, mai huji a gefe, da ɓawon itace da gutsattsarin gawayi. Ya ce ruwa sai da safe, sai saiwar ta koma launin azurfa, kada ya kwanta a tsakiyar ganye, kuma in janye ta daga taga da dare. Bayan sati 6 na ga kan sabuwar saiwa, kore shar. Wallahi har waya na yi wa ƙanwata.

Sai dai har yau raina na sosuwa. Karan furen, mai toho biyu a jiki, ya datse shi ina tsaye bai tambaye ni ba. Wai don ƙarfinta ya koma saiwa. Na yarda, amma a faɗa min mana tukuna! Ledar ɓawon da ya sayar min kuma rabi gari ne, sai da na tankaɗe da rariya. Sau 2 na kira shi a kan haka, bai ɗauka ba.

Idan saiwa ta sake ruɓewa wajensa zan koma, ɓawo dai ba zan ƙara saya a hannunsa ba.