Yawon fadar Urbino da ɗan jagora: ɗakin karatu ya biya ni, littattafan kuwa suna Rum

Ni malamin lissafi ne, shi ya sa da kwas ya kai ni Italiya na biya wani kamfanin yawon buɗe ido kuɗin zagayen fadar sarakunan Urbino. Garin ba shi da tashar jirgin ƙasa, sai da na hau bas daga Pesaro, tafiyar kamar awa guda a kan hanya mai hawa da kwana-kwana.

Abin da ya kai ni shi ne Federico Commandino, masanin lissafi ɗan garin da ya rasu a 1575. Shi ya fassara littattafan Archimedes da Apollonius da Euclid, wanda malamanmu suka sani da Iƙlidis, daga Girkanci zuwa Latin. Ɗan jagoranmu ya fahimtar da ni abin da ban taɓa lura da shi ba: wannan aiki na mai uban gida ne. Malami zai shekara yana gwada kwafi da kwafi, yana gyara zanen da magatakarda suka ɓata, to wa zai ciyar da shi, wa zai biya maɗaba'a? Sarki Guidobaldo na biyu ya riƙe shi, ya kuma ba shi ɗansa Francesco Maria ya koyar. Fassarar Iƙlidis ta fito a Pesaro a 1572. Bayan rasuwar malamin, ɗalibin nan da ya hau gado shi ya ɗauki nauyin buga fassarar littafin Pappus, wani masanin lissafi na Girkanci, a 1588. Wannan halacci ya burge ni.

Ɗakin karatun Sarki Federico na gidan Montefeltro, wanda ya gina fadar, kuwa bai wuce ɗan shago ba. An lulluɓe bangonsa da guntayen katako masu launi daban-daban, an fitar da siffar kabad a buɗe, da littattafai, da na'urar auna taurari. Wallahi sai da na miƙa hannu kafin na tuna shafaffen bango ne. A sama hotunan masana 28 ne asali, 14 suna gidan tarihi na Louvre da ke Paris yanzu, har da na Ptolemy masanin taurari.

Inda aka ƙware ni shi ne lokaci. Minti biyar aka ba mu a ɗakin, sannan aka ɓata rabin awa a shagon tsaraba. Na tambayi ɗan jagoran littafin Muhammad al-Baghdadi kan rabon filaye, wanda Bature ɗan Ingila John Dee ya kawo wa Commandino aka buga a 1570, sai ya ɗaga kafaɗa, bai taɓa jin labarinsa ba.

Tallan kamfanin kuma bai faɗi cewa taskar littattafan fadar wayam take ba. Tun 1657 aka kwashe rubuce-rubucen hannun, har da kusan 900 da Sarki Federico ya tara, zuwa Vatican da ke Rum. Mai son ganin takarda da tawada ya nufi Rum. Idan Allah ya sake kai ni Urbino, tikitin shiga kawai zan saya, in tsaya a ɗakin nan har ƙafa ta gaji.