Yaya, Kada a Kai Vespar Baba Wajen Mai Fenti

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan Hajiya da iyali duk kuna lafiya. Na ga hoton Vespar marigayi Baba, na kuma ji an yanke shawarar a kai ta a kankare baƙin fentin gwangwanin da yara suka fesa mata, a shafe ta da sabo. Don Allah a dakata, kada a yi gyaran gangar Auzinawa.

Masana'antar fatar da nake aiki a Santa Croce, nan Italiya, ba ta da nisa da Pontedera, garin da kamfanin Piaggio ya fara ƙera Vespa a 1946, kuma har gidan tarihinta suna da shi a can, shiga kyauta. Mutanen nan sun kasa tsofaffin Vespa gida biyu: wadda aka sabunta, da wadda ke ɗauke da fentinta na kamfani. Ta biyun ita ce abar nema, ko da ta koɗe, ko da tana da ƙarzuwa. Mai saye yakan zo da maganaɗisu yana mannawa a jiki. Inda ya ƙi kamawa ya san an cike da foti, wato ƙullin da ake toshe lotsewa da shi, nan take farashi ya faɗi. Ƙungiyar masu babura ta ƙasa, FMI, tana da rajistar baburan tarihi, sai babur ya shekara 20 ake karɓarsa, kuma suna duba hoto su tabbatar launin irin wanda kamfani ya fitar ne. Mu kuwa a gida, in ba ta ƙyalli ba a ce an yi gyara ba.

Wani tsoho maƙwabcina, tsohon mai gyaran jikin mota, shi ya nuna min aikin a kan tasa. Fentin kamfani an gasa shi, ya kuma daɗe yana ƙara tauri. Na gwangwani kuwa ɗanye ne, a iska ya bushe, shi ya sa sinadari yake narkar da shi kafin ya taɓa na ƙasa. Duk dabarar tana cikin wannan ɗan tsakanin. A wanke ta da sabulu ta bushe. A zuƙe man tanki, tunda a ƙarƙashin kujera yake. A fara gwaji a ɓoyayyen wuri, kamar cikin murfin gefe. A jiƙa farin tsumma da asiton, irin wanda mata ke goge jan farce da shi, a dirza wurin da bai wuce tafin hannu ba, a bi da ruwa nan take. Idon mai aiki ya kasance kan tsumman: muddin baƙi yake fitowa, a ci gaba, da zarar an ga shuɗin Baba ya fara bi, a tsaya cak. Wasu tsofaffin fentin ba sa jure asiton ko kaɗan, don haka gwajin nan ba abin tsallakewa ba ne. Bakin kusurwoyi da kan lanƙwasa fentinsu ya fi sirantaka, can ake fara ganin ƙarfe. Inda ya yi taurin kai, akwai soson ƙarfe mai laushin gaske, lamba 0000, ana ɗan shafawa ba tare da dannawa ba. A ƙarshe man goge fenti, sannan kakin mota.

Kayan nan a Italiya ba su da wuyar samu. Kowace kwalba da sunanta, da abin da ke ciki, da alamar haɗari. Litar asiton ba ta kai Yuro 10 ba. Sinadari mai ƙarfin nan da ke tayar da fenti har ƙarfe cikin ɗan lokaci, Tarayyar Turai ta hana sayar wa jama'a shi fiye da shekara 10 da suka wuce saboda illar tururinsa. A wajenmu kuwa tina, ruwan sirka fenti, ake auno maka a robar ruwa, mai sayarwar kansa bai san me aka haɗa ba. Ta yau ta yi sanyi, ta gobe ta cinye komai. Saboda haka kada a yarda da tinar awo a jikin Vespar nan.

Inda muka fi su shi ne hannu. A nan mai gyara da awa yake lissafi, kuma kuɗin awa ɗayansa sun fi na duk kayan da na lissafa, ga jiran layi na makonni. Shi ya sa kowa a garejin gidansa yake yi, ran Lahadi. A Kano za ka samu yaron makanike mai haƙuri ya zauna mata sati guda ba tare da aljihu ya girgiza ba. Sai dai a tsaya a kansa, don da ka juya baya zai ɗauko samfefa, wai yana taimakonka da sauri. A biya shi da yini, kada a yi jinga, domin jinga ce ke sa gaggawa.

A yi aikin da safe a inuwa, a fili mai iska, nesa da murhu da masu shan sigari. Da zafin rana asiton kan tsere daga tsumma kafin ya yi aiki. Sinadari ba ya hawa jirgi, sai ku nema a shagon kayan ɗakin gwaje-gwaje a Sabon Gari. Soson da kakin ni zan aiko. A ɗaukar min hoton lambar shasi, da ita zan gano shekararta. A gaida Hajiya.