Sharhi Kan Yawon Dare da Cin Abinci a Jirgin Ruwa a Kogin Nilu

Duk baƙon da ya sauka a otal a birnin Alƙahira, da wuya ya kwana biyu ba a tallata masa yawon dare a kan kogin Nilu ba, ko dai ta bakin mai karɓar baƙi, ko direban tasi, ko kuma takardar talla da aka ajiye masa a ɗaki. Abin da ake sayarwa a dunƙule yake: mota ta ɗauke ka daga masauki, jirgin ruwa ya zaga da kai tsakiyar birni na kimanin sa'o'i biyu, a ci abinci, a kalli wasa, sannan a mayar da kai. Mu ma mun saya a lokacin da na raka Baffana ganin likitan ido cikin hunturu, tare da maiɗakina da ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Azhar, wanda ya zame mana tafinta. Da yake mutanenmu suna yawan zuwa Masar, wasu neman magani, wasu karatu, wasu fatauci, na ga ya dace in rubuta abin da na tarar dalla-dalla. Ra'ayina shi ne kogin ya cancanci kuɗin da aka biya, amma yadda aka tsara jirgin ya fi karkatar da hankalin mutum ga teburi da dandamali fiye da ruwan da ya zo gani.

Motar ta zo a kan lokaci, sai dai ba mu kaɗai ta ɗauka ba, domin ta biya wasu otal-otal kafin ta kama hanyar bakin kogi. Daga unguwar Madinatu Nasar, inda muka sauka saboda kusa yake da ɗaliban namu, sai da muka bi ta gadar 6 ga Oktoba, wadda tsawonta ya haura kilomita 20 kuma ba a kammala ta ba sai a 1996, kuma a nan ne cunkoson yamma ya cinye mana lokaci mai yawa. Wanda zai tafi da dattijo ko ƙananan yara ya sa wannan cikin lissafinsa, domin zaman mota, zuwa da dawowa, yana iya kai wa tsawon yawon kansa. Shiga jirgin kuwa ta wata siririyar gadar ƙarfe ce mai ɗan gangare, kuma a nan zan yaba wa ma'aikatan, domin da suka ga Baffa yana laluben hanya sai biyu daga cikinsu suka riƙe shi ta gefe da gefe, suna cewa "Itfaddal ya Hajj," wato "Bismillah Alhaji," har suka zaunar da shi. Ladabin nan bai canza ba har muka fita.

Jirgin hawa biyu ne. Ƙasa babban zaure ne da aka kewaye da gilashi, an jera teburori masu fararen ƙyallaye, an bar fili a tsakiya don masu wasa, sama kuma buɗaɗɗen wuri ne mai kujeru kaɗan. Teburan da ke jikin taga su ne kowa ke so, kuma kafin mu iso duk an kama su, sai aka ba mu na layi na biyu. Amma ko da mun samu na tagar, ba na jin da mun ƙaru da wani abu mai yawa, domin da zarar an kunna fitilun zauren duka, gilashin yakan koma madubi. Na leƙa don in ga gaɓar kogi, sai na ga fuskata da farantan da ke bayana da wani mai hidima yana wucewa da tire, fitilun birnin kuma suna can a baya dishi-dishi. Wannan ne babban aibin tsarin a wurina, kuma gyaransa ba shi da wuya, rage hasken cikin zauren kawai ake bukata.

Abincin an jera shi ne a dogon teburi, kowa ya ɗauki faranti ya zuba abin da yake so. Ɓangaren da ya fi burge ni shi ne na kayan buɗe baki: gurasarsu ta gargajiya mai ɗumi, da tahina wadda niƙaƙƙen riɗi ce, da gasasshen yalo da aka dama da riɗin da lemon tsami, da ganyen inabi da aka naɗe shinkafa a ciki. Waɗannan sabbi ne kuma an yi su da kulawa. Akwai miyar lalo da suke kira mulukiyya, wadda suke yi da tafarnuwa mai yawa suna zubawa a kan shinkafa, kuma Baffa, wanda abincin asibiti da na otal ya ishe shi, ita ya fi ci da daɗin rai saboda yauƙinta ya yi masa kama da na gida. Naman ne ya ba ni kunya. Kofta, wato niƙaƙƙen naman da ake gasawa a tsinke, ta daɗe a kan wuta har ta bushe, kazar ma haka, kifin karfasa ne kawai ya fito da laushinsa. Bahaushe zai ji gishiri da yaji sun yi ƙaranci a kusan komai, don haka a nemi shatta, wato dakakken barkononsu, za a kawo. Kayan zaƙin sun yi kyau, musamman Ummu Ali da ake yi da madara da gyaɗar waje a ci da zafinta, da kuma basbusa. Sai dai layin ɗibar abinci yakan yi tsawo a farkon tashin jirgi, domin kowa a lokaci ɗaya yake miƙewa, kuma wanda ya yi haƙuri na ɗan lokaci zai samu an sake cika yawancin kwanukan.

Abin sha ba ya cikin kuɗin da muka biya, har da ruwan gora, kuma ba a faɗa mana haka ba sai da aka kawo takardar kuɗi. Mun sha karkade, wanda zoɓo ne, da shayi mai na'ana'a, kuma farashinsu ya ninka na gari. Haka kuma akwai mai ɗaukar hoto da ke bin teburori, daga baya ya dawo da hoton a cikin kwali yana neman a saya. Ba dole ba ne, ana iya ƙi cikin mutunci. Sannan ga bakshish, ɗan ihsanin da ake ba masu hidima da direba, wanda al'ada ce mai ƙarfi a Masar, don haka a riƙe canjin fam, kuɗin ƙasar, a aljihu. Ya kamata kuma a sani cewa a jirgin da muka shiga ana sayar da giya, kuma an sha ta a teburin da ke kusa da namu.

Wasan ya fara ne da mawaƙi da makaɗa, kuma an ƙure lasifika har sai mutum ya sunkuya kusa da kunnen na kusa da shi kafin a ji maganarsa. Bayan su sai mai rawar tannura ya fito, kuma wannan abin kallo ne na gaske. Namiji ne sanye da wani faffaɗan buje mai nauyi, mai launuka iri-iri, yana juyawa a wuri ɗaya ba tsayawa, bujen ya buɗe ya zama faifai, sannan ya kwance hawa ɗaya daga ciki ya ɗaga shi sama da kansa yana ci gaba da juyi, ƙafarsa ɗaya kamar an kafe ta a ƙasa. Asalin rawar daga juyin da wasu sufaye ke yi wajen zikiri ne, ko da yake wadda ake yi a jiragen nan ta zama ta nishaɗi, har an saka wa bujen ƙananan fitilu. Da ya tsaya cak bayan tsawon lokaci ba tare da jiri ya ɗebe shi ba, duk zauren ya tafa, mu ma muka tafa.

Abin da ya biyo baya ne nake so mai karatu ya kula da shi sosai. Takardar tallar ta ce akwai "wasan gargajiya", ba ta bayyana cewa cikinsa har da mace mai rawar karkaɗa ƙugu, cikin shigar da ta bar yawancin jikinta a waje, wadda kuma take zagaya teburori ana ɗaukar hoto da ita. A wurin yawancin baƙin da ke zauren wannan ba komai ba ne, shi suka zo kallo, kuma ba ni da abin cewa game da zaɓinsu. Amma ga wanda yake zaune da baffansa da matarsa da ɗan 'yar'uwarsa, kunyar ba ta misaltuwa. Na sunkuya na ce, "Baffa, ko mu hau sama mu sha iska?" Ya ce, "Ai da ma na ƙosa, mu je." Ba na zargin kowa da yin sana'arsa, abin da nake zargi shi ne rashin faɗa wa mai saye abin da yake saye, alhali sun ga irin iyalin da ke gabansu tun a wurin biyan kuɗi.

A saman jirgin ne kuɗinmu ya fito. Akwai sanyi mai ratsa jiki, domin daren hunturu a kan ruwa ba wasa ba ne, kuma wanda bai zo da rigar sanyi ba ba zai jima ba, amma a nan ne aka ga faɗin kogin da fitilun gaɓoɓinsa biyu suna rawa a cikin ruwa. Hasumiyar Alƙahira tana tsaye a tsibirin Jazira, tsawonta mita 187, an buɗe ta a 1961, jikinta kamar saƙa, samanta kuma an yi shi da siffar furen bado. A ƙasanta gadar Ƙasrun Nil ce, wadda aka buɗe a 1933 kuma take haɗa tsibirin da dandalin Tahrir, cike da matasa da iyalai da suka fito shan iska suna jingine da ƙarfen gefenta. Zakuna huɗu na tagulla da ke gadin bakunanta ba sa ganuwa da kyau daga cikin ruwa, sai an taka gadar da ƙafa. Ƙananan jiragen haya masu fitilu kala-kala suna ta giftawa da kiɗansu, cike da mutanen gari, suna ɗaga mana hannu.

Da jirgin ya juya ya nufi kudu yana haurawa ruwa, domin Nilu daga kudu yake gangarowa zuwa arewa, sai muka bi gefen tsibirin Rauda. A ƙarshensa na kudu ɗan yayata ya nuna mana wani ɗan gini mai tsinin rufi, ya ce shi ne Miƙyas, ma'aunin ruwan Nilu, wanda aka gina a shekarar 861 Miladiyya bisa umarnin Halifa Mutawakkil na daular Abbasiyya. Rijiya ce da ruwan kogi ke shiga ta ƙarƙashin ƙasa, a tsakiyarta akwai ginshiƙin dutse da aka yi wa alamomi kamu-kamu. Idan cikar kogi ta shekara ta kai kamu 16, an san za a yi noma mai albarka, idan ta gaza ana fargabar yunwa, idan kuma ta wuce ƙima ana fargabar ɓarna, kuma da wannan awon hukuma take yanke harajin manoma. Aikinsa ya ƙare ne da aka kammala babbar madatsar ruwa ta Aswan a 1970, wadda ta tsayar da ambaliyar shekara-shekara. Baffa ya saurara da kyau, sannan ya tuna mana cewa ruwan nan bai rasa alaƙa da mu ba, domin reshen kogin da ke fitowa daga tsaunukan Habasha, wanda ke haɗuwa da ɗaya reshen a Khartoum, ta gefen garin Mai Wurno yake wucewa, inda jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka zauna a Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903. Wannan hirar ce ta fi komai daɗi a daren, kuma babu ko kalma ɗaya daga cikinta da ta fito daga masu jirgin. An kira tafiyar yawon buɗe ido, amma ba a tanadi wanda zai ce ga gini kaza, ga gada kaza ba, ba da Larabci ba, ba da Turanci ba, ko 'yar takarda mai taswira ba a raba ba. Baƙon da ba shi da ɗan gari a tare da shi zai wuce ta gaban ginin da ya haura shekara dubu bai san ya wuce ba.

Sauran abubuwan ƙanana ne amma suna da amfani. Jirgin yana tafiya a hankali, ba ya tangal-tangal, don haka mai tsoron ruwa ya kwantar da hankalinsa. Na ga tayoyin ceto a rataye jikin ƙarfen gefe, amma babu wanda ya yi mana bayanin inda rigunan ceto suke, kuma wannan sakaci ne da bai kamata ba a jirgin da ke ɗaukar yara da tsofaffi. Banɗakin yana da tsabta amma ƙarami ne, alwala a cikinsa da wahala, kuma ban ga wurin da aka keɓe don salla ba. A hunturu rana tana faɗuwa wajen ƙarfe biyar, don haka mun yi Magariba tun kafin mu fito, amma a lokacin zafi takan kai kusan ƙarfe takwas, wato tana iya riskar mutum a kan ruwa. Hoton dalar Giza da ake sakawa a wasu takardun talla kuwa kada ya ruɗi kowa, domin tana da nisan kilomitoci daga bakin kogi kuma ba a hango ta daga jirgin.

Wanda ya yi niyyar zuwa, ya tambaya tun kafin ya biya ko akwai mace mai rawa, ko ana sayar da giya, ko abin sha yana cikin kuɗin, ko kuma saman jirgin a buɗe yake ga kowa, ya kuma nemi a rubuta masa amsar a saƙon waya. Idan amsoshin ba su kwanta masa ba, akwai faluka, ƙaramin jirgin katako mai tafiya da iska, wanda ake ɗauka haya na sa'a ɗaya ko biyu a bakin kogi, a daidaita farashi da matuƙin tun kafin a shiga, a tafi da abincin da aka saya a gari gab da faɗuwar rana. Ga iyali mai dattawa da yara, shi zan fi ba da shawara, a kuma ware wata safiya a je Rauda a sauka cikin rijiyar Miƙyas a ga alamomin da ido.