View Once na WhatsApp: inda yake kare hoto da inda yake gazawa

A watan Agusta na 2021 WhatsApp ta fito da View Once, wato hoton da ake buɗewa sau ɗaya ya ɓace. Amfani da shi ba wuya: zaɓi hoton, kafin ka tura sai ka taɓa ɗan zagayen nan mai lamba 1 da ke gefen wurin rubutu. Hoton ba ya shiga galari, ba a iya tura shi gaba, kuma idan ya yi kwana 14 ba a buɗe ba, ya tafi ke nan. Tun 2022 aka toshe ɗaukar hoton allo a kansa.

A nan ya cancanci yabo. Hoto kan fita ba tare da wani ya yi kutse ba. Ƙawar amarya ce za ta ba da aron waya a gidan biki, ko yaro ya ɗauka yana latse-latse, ko a bar ta wajen mai caji ko mai gyara babu makulli. Hoton da bai sauka a galari ba, babu mai tsintarsa ta wannan hanya. Don tura hoton lalle ga 'yar'uwa, ko katin shaida, ko takardar asibiti, ya fi turawar da aka saba nesa ba kusa ba.

Amma fa ba ya tsare ka daga wanda ka tura wa. Ya buɗe a waya ɗaya, ya ɗauka da kyamarar wata, kuma WhatsApp ba za ta sanar da kai komai ba. Ga kuma jabun manhajoji irin su GB WhatsApp da suka yaɗu a wayoyin matasa, wasunsu na ajiye hoton a buɗe shi yadda aka ga dama. Daga naka ɓangaren ba ka da hanyar gane wace manhaja ke hannunsa. 'Yan mata musamman su ji wannan da kyau: saurayin da ya ce “turo, ai sau ɗaya zan gani” yana iya riƙe hoton har ranar da aka ɓata.

Sauran hotuna kuwa suna da nasu ramukan, kuma kamfanin bai kyauta ba da ya bar gyaransu a lungun saiti. Idan ka tura hoto a matsayin Document don kada ya dusashe, yana tafiya da duk bayanan da kyamara ta liƙa masa: rana, lokaci, samfurin waya, har da wurin da aka ɗauka idan GPS na kunne. Turawa ta hanyar galari tana goge waɗannan. Sai ajiyar kwafin hirarraki da hotunanka da ke hawa Google Drive ko iCloud. Tun Oktoban 2021 akwai damar kulle ta, amma sai ka kunna da kanka a Settings, Chats, Chat backup, End-to-end encrypted backup, ka sa kalmar sirri ko makulli mai lambobi 64. Rubuta shi a takarda ka adana, domin idan ya ɓace tare da wayar, WhatsApp ba za ta iya dawo maka da komai ba.

A Privacy da ke cikin Settings, mayar da Profile photo zuwa My contacts. A manyan gurup-gurup kashe Media visibility, kada hotunan matan mutane su cika maka galari. Chat Lock, wanda ya zo a Mayun 2023, yana ɓoye hira a bayan zanen yatsa, kuma hotunan cikinta ba sa sauka galari da kansu. Kafin ka miƙa waya ga mai gyara, cire katin memori. Mai Samsung na zamani ya kunna Maintenance mode, wato saitin da ke ɓoye hotuna da saƙonni daga mai gyara.