Casa de los Balcones a La Orotava: abin da ya cancanci kuɗinka

La Orotava gari ne a arewacin Tenerife, ɗaya daga tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya, an gina shi a jikin gangaren da ya sauko daga dutsen Teide zuwa teku. Bayan Sifaniyawa sun gama cin tsibirin a 1496, manyan iyalai suka raba filayen kwarin, suka yi arziki da rake, daga baya da inabi, suka gina gidaje masu barandar katako. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Casa de los Balcones, lamba 3 a titin San Francisco, ginin 1632. Yau kanti ne a ƙasa, gidan tarihi a bene.

Tsakar gidan ce ta fi komai daraja. Ginshiƙai da barandodin duk na katakon da suke kira tea ne, wato zuciyar itacen pino na tsibirin. Cike yake da ƙaro, shi ya sa gara da ruɓa ba sa cin sa, ya yi kusan shekara 400 yana nan daram. Ɗakunan bene an shirya su da gadaje da kayan girki irin na masu hali na da. Minti 20 ya ishe su. Mai ciwon gwiwa ya haƙura da su, matakalar ta tsohon gini ce, kuma daga ƙasa ma ana ganin sassaƙar sosai.

A kantin kuwa sai da lura. Kayan tsaraba na gama-gari sun yi yawa, irin su maganaɗisun firij da man aloe, waɗanda ake samu a kowace kasuwar bakin teku a tsibirin. A wuce su, a nemi calado, aikin allurar da gidan ya yi suna da shi. Ana ɗaure yadin lilin ko auduga a jikin firam na katako har ya yi tsam, a ƙirga zare, a zare wasu ɗaya bayan ɗaya, sannan a ɗaure ragowar da allura su ba da zane mai huji-huji. In aka yi kuskuren zare guda a lissafi, zanen zai karkace har ƙarshen layi. Shimfiɗar babban tebur tana cin watanni, don haka tsadarta ba zalunci ba ne. Mai ƙaramin aljihu ya sayi hankici ko ƙaramar shimfiɗar faranti.

Don bambance aikin hannu da na inji, a juya bayan yadin. A na hannu, zaren cikin hujin na yadin ne kansa, ana iya bin sa da ido har gefe, kuma ƙullin ba ya zama iri ɗaya sak. Na inji huda shi aka yi aka bi bakin da ɗinki. A tambayi mai kanti ko aikin Tenerife ne, a duba takardar da ke jiki. Wanki da hannu kawai, ba a murɗe shi, a goge ta baya tun yana da danshi, don injin wanki yana tsinka siraran zaren.

Lokacin zuwa ya fi komai tasiri. Manyan motocin 'yan yawon buɗe ido suna sauke jama'a daga hantsi zuwa azahar, tsakar gidan kuma ba ta da faɗi. A je da an buɗe, ko da la'asar. Daga Puerto de la Cruz, bas na kamfanin TITSA mai lamba 345 yana hawowa garin, daga Santa Cruz kuma 108. Tashar tana can ƙasa da tsohon gari, sauran tafiyar hawa ce a ƙafa, kusan minti 15. Mai motar haya ya ajiye ta a ƙasa, titunan sama matsattsu ne. A sa takalmi mai roba, domin gajimare yakan rufe kwarin da rana, daɓen duwatsun kuma da ya jiƙe sai santsi.

Tsarabar da ta fi araha ba a kantin take ba ma. A da ruwa yana gangarowa ta tsakiyar garin yana juya injinan niƙa 13 a jere. Biyu daga cikinsu, Chano da La Máquina, suna aiki har yanzu, da lantarki, suna niƙa gofio, garin gasasshiyar masara ko alkama. Wanda aka kwaɓa da zuma da almon yana kusa da dakuwa a baki. A sayi ƙaramar leda, a rufe ta da kyau, don ƙamshin gashin yana gushewa in ya sha iska.

Musulmi ya yi tambaya a gidajen abinci na unguwar. Escaldón, gofio da aka dama da romo, wani lokaci romon kifi ne, wani lokaci na nama mai haɗe da alade. Kofin sha da ake kira barraquito akan zuba masa barasa, sai an ce "sin licor", wato ban da barasa. Dankalin papas arrugadas da miyar mojo da gasasshen kifi sun ishi abincin rana.

Wanda zuwansa ya dace da makon bikin Kiristoci na Corpus Christi, a Mayu ko Yuni, zai tarar da dandalin gidan majalisar gari shimfiɗe da zanen yashi mai launi da aka ɗebo daga Teide. A ranar bikin ana rufe titunan tsohon gari, sai dai a zo da bas, da sassafe.