Zarto, ƙura da takardar garanti: saƙo ga Kawu daga Ohayo

Kawu, Allah ya ƙara girma. Ina gaishe ku da iyali da yaran shago baki ɗaya. Saƙonku ya iso ni cewa in duba muku injin zarto na hannu irin wanda kuka gani a hoton da na turo, in kuma faɗa muku wane irin falanki ne muke buga wa gidaje. Maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta, na kuma sa ta a fili don sauran masu sana'a irin tamu su gani.

A nan jihar Ohayo ta Amurka gidan zama ba da bulo ake gina shi ba. Katako ake tsayarwa, a rufe shi da faffaɗan allo, a shimfiɗa leda mai hana ruwa, sannan a jera falanki daga ƙasa zuwa sama, kowane yana hawa kan na ƙasa da shi yadda ruwan sama zai gangare. Akwai falankin roba, shi ne mai araha, akwai na katako, akwai kuma wanda na fi aiki da shi, wato na siminti. Siminti ne da yashi mai laushi da zaren itace da ruwa, a matse su a busar. Gara ba ta cinsa, wuta ba ta kama shi, ba ya ruɓewa irin na itace. Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne HardiePlank na kamfanin James Hardie, wanda asalinsa daga Ostireliya yake tun 1888. Akwai kuma Nichiha na Japan da Allura. Tsawon falanki ɗaya ƙafa 12 ne, kaurinsa bai kai rabin inci ba, 5/16 ne, amma yana da nauyi, kuma in mutum ya ɗauke shi a kwance zai iya karyewa a tsakiya. A gefensa ake ɗaukar sa, in da hali mutum biyu.

Ba baƙon abu ba ne a wurinku, Kawu. Ɗan'uwan allon silin ne da kwanon siminti da kuka sha bugawa, waɗanda muke ce wa asbesto. Wani ɗan Ostiriya mai suna Ludwig Hatschek ne ya fito da dabarar wajen 1900, yana haɗa siminti da zaren asbesto. Da aka tabbatar zaren yana kashe mutane, aka koma zaren itace. James Hardie ya daina amfani da asbesto a 1987. Na yanzu babu shi a ciki, amma yashin yana nan, kuma yashin nan shi ne tushen duk maganar da zan yi.

Na tarar da jita-jita a tsakanin ma'aikata cewa duk wanda ya yanka falankin da zarto mai faifai ya kashe garantinsa, wai sai da almakashin lantarki kawai aka yarda. Har masu gida sukan tsaya a kanmu da wannan tsoro. Na samu takardar umarnin kamfanin na karanta ta daga farko har ƙarshe, ba haka ta ce ba. Ta yarda da zarto. Ta ma jera hanyoyin yanka daga mai kyau zuwa mafi kyau, kuma a sahun gaba akwai zarto mai faifan da aka ƙera don siminti, haɗe da injin zuƙar ƙura. Almakashin ma yana sahun gaba, don ba ya tayar da ƙura sosai, sai dai yana da jinkiri, yana cin siririn zare daga jikin falankin, bakin yankan bai cika santsi ba, kuma ba ya iya cin katakon ado mai kauri da ake sa wa a kusurwa da gefen taga. Abin da takardar ta hana ƙarara shi ne kunna zarto a cikin ɗaki, da share ƙurar da tsintsiya a bushe.

Faifan shi ne abin lura. Wanda kuka saba da shi na katako yana da haƙora 24 ko fiye. In aka sa shi a falankin siminti, kafin a gama bango ɗaya ya dakushe, yana ƙara, yana zafi, yana niƙa kayan maimakon yanka su. Na siminti kuwa, mai faɗin inci bakwai da kwata, haƙora huɗu kawai gare shi, kowane da ɗan gutsuren lu'ulu'un masana'anta a bakinsa. Ranar da na fara riƙe shi na yi mamakin yadda haƙora huɗu za su yi aikin ashirin da huɗu. Dalilin shi ne ƙarancin haƙoran na sa ya riƙa ɓantaro kayan manya-manya, ƙurar da ke tashi ta ragu, lu'ulu'un kuma yashi ba ya cinye shi da wuri. Kuɗinsa ya ninka na katako sau da yawa, amma sayen na gari mayar da kuɗi gida ne, guda ɗaya zai gama gidaje kafin ya gaji.

Ga yadda muke yi. A tsakar fili ake kafa bencin yanka, nesa da ƙofa da taga, mai yanka ya ba iska baya don ta kwashe abin da ya tashi daga fuskarsa da ta abokan aikinsa. A kifa falankin, fuskarsa mai fenti tana ƙasa, saboda haƙoran zarton daga ƙasa suke tasowa, in ba haka ba su gutsure fentin a bakin yanka. A saita zurfin faifan ya ɗan wuce kaurin falankin kaɗan. Tiyo na fita daga murfin zarton zuwa injin zuƙa, a kunna injin kafin a kunna zarto. In an gama yanka ba a ɗaga shi zuwa bango sai an goge bakin, an ɗauki ƙaramin buroshi an shafe wurin da fenti, don nan ne zaren itacen yake a buɗe, nan ne ruwa zai bi ya shiga. Aikin daƙiƙa goma ne, kuma shi ne masu gaggawa suka fi tsallakewa.

To ina garanti ya shigo? James Hardie na ba da shekara 30 a kan falankin, shekara 15 a kan fentin da aka yi masa tun daga masana'anta. Wanda ya zo daga wurinmu, inda rasit ke ɗauke da rubutun cewa kayan da aka saya ba a dawo da su, jin shekara 30 sai ya ɗauka an gama magana. Amma alkawarin a kan aibin masana'anta ne kaɗai. In kayan sun tsage ko sun ɓare saboda yadda aka haɗa su, za a biya ko a canza. In ɓarnar ta fito daga hannun mai bugawa, babu ruwan kamfani. Sharuɗɗan bugun kuma a rubuce suke da lambobi. Falanki na ƙasa ya bar aƙalla inci 6 tsakaninsa da ƙasa. Inda bango ya haɗu da rufi a bar tazara, kada ya zauna a kan ruwan da ke gangarowa. Na sama ya hau na ƙasa da aƙalla inci ɗaya da kwata. Ƙusa ta zama wadda ba ta tsatsa, kanta ya kwanta daidai da fuskar falanki, kada ya nutse ciki. Wanda ya zo da shafen farko kawai a yi masa fenti cikin kwana 180. A ajiye kaya a kwance, a rufe, kada a buga su a jiƙe, don in sun bushe a bango za su tsuke su bar tsaga a mahaɗa. Har yankin ƙasa an raba: akwai samfurin HZ5 na arewa inda ruwa ke daskarewa, irin nan Ohayo, da HZ10 na kudu mai zafi da laima.

An kira mu gyara a wani gida da bai kai shekara goma da yin aikin ba. Wata dattijuwa ce mai gidan, ta fito mana da jakar takardu, rasit da takardar garanti duk a jere, ba ta yar da ko ɗaya ba. Na durƙusa a gindin bangon baya na ga falankin ƙasa ya shige cikin ƙasar lambu. Na danna shi da babban yatsa, ya ɓare falle-falle. Ruwa ne ya shiga, hunturu ya zo ya daskarar da shi, ƙanƙarar ta buɗa cikin kayan, bazara ta narkar, shekara bayan shekara. A mahaɗa kuma bakin yanka fari fat, ba a taɓa shafa masa komai ba. Ta riga ta kai kuka, an turo mai dubawa ya auna ya ɗauki hoto, aka ce mata laifin bugu ne. Ɗan kwangilar da ya yi mata aikin ya daɗe da rufe kamfaninsa. Ba wanda ya tambayi da me aka yanka falankin. Daga aljihunta ta biya mu, kuma na ji zafin abin a raina, don ita ta yi duk abin da ake cewa mai saye ya yi.

Duk da haka, kada ku ɗauka takardar banza ce. Amurka na da doka tun 1975, ana kiranta Magnuson-Moss, wadda ta wajabta wa duk kamfanin da ya ba da rubutaccen garanti ya bayyana sharuɗɗansa a fili, ta kuma hana kamfani ya ce alkawarinsa ba zai tsaya ba sai ka sayi wani kaya mai sunansa, sai fa in kyauta zai ba ka. Shi ya sa faifan wani kamfani, matuƙar na siminti ne, ba abin tsoro ba ne. Manyan shagunan kayan gini irin Home Depot da Lowe's kuma suna karɓar yawancin kaya cikin kwana 90 in kana da rasit, ba tare da rantsuwa ko ja-in-ja ba. A kasuwannin Kano irin Ƙofar Ruwa ko 'Yan Katako na Na'ibawa, garantin mutum fuskarsa ce. Ku da kuka shekara talatin kuna ciniki da mutum ɗaya, in ƙusa ta zo gurɓatacciya zai canza muku saboda kunya da zumunci, har ya ba ku bashi ba takarda. Wannan babu shi a nan, kuma ina kewarsa. Amma baƙon da ya shigo kasuwar yau ba shi da wannan gata, alhali a nan baƙo da ɗan gari takarda ɗaya suke riƙe. Najeriya ma tana da dokar kare masu saye ta 2018 da hukumar FCCPC, sai dai ban ga rasit ɗin shagunanmu ya canza ba tukuna.

Abin da ya fi damuna, Kawu, ba falanki ba ne, huhu ne. Yashin nan silika ne. In zarto ya niƙa shi, ƙurar da ido ke gani ba ita ce mai illa ba, wadda ba a gani ce, tana wucewa har ƙarshen huhu ta zauna, jiki ba ya iya fitar da ita. Huhun ya yi ta tabo har numfashi ya gagara. Ciwon ana ce masa silikosis, ba ya warkewa, yana buɗe wa tarin fuka ƙofa, kuma tun 1997 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ƙurar silika cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata ta fitar da sabuwar ƙa'ida a 2016, ta fara aiki da ita a wuraren gini a Satumba 2017: kada ma'aikaci ya shaƙi fiye da mikrogiram 50 a mita kubik ɗaya na iska cikin awa 8. A jadawalinta an ambaci aikinmu da suna. Zarton hannu mai faifan da bai wuce inci 8 ba, a waje kawai, da injin zuƙa mai matacin da ke kama kashi 99 cikin ɗari. Mai kwangilar da ya ƙi bi ana cin sa tara. Akwai masu ƙin bi a nan ma, musamman inda ma'aikatan baƙi ne da ba sa son magana, amma aƙalla akwai inda za a kai ƙara.

Duk lokacin da na haɗa tiyon nan sai na tuna masu sa tayil a gida. Yaro ya tsuguna a cikin banɗaki da injin yankan tayil, ƙofa a rufe, ɗakin ya yi fari kamar hazon hunturu, ya fito gira da gashin baki duk sun yi furfura, a ba shi madara wai ta wanke ƙirji. Madara ciki take zuwa, ba huhu ba. Tayil da bulo da dutse da kankare duk silika ne. Ba sai an sayi injin zuƙa ba kafin a rage wannan. A fito waje, a ba iska baya, a jiƙa kayan ko wani ya riƙa ɗiga ruwa a bakin yanka cikin kiyaye wayar wuta, a yayyafa ruwa kafin shara, a sa takunkumi na gaske mai lambar N95 ba ƙyalle ba. Tsohon silin da kwanon asbesto na gidajen shekarun 1970 da 1980 kuwa, don Allah kada yaranku su sa musu zarto ko kaɗan. A jiƙa su, a cire ƙusa, a sauke su ɗungurungum ba tare da an farfasa ba.

Batun injin da kuka ce in turo, ga abin da na gani. Wutar nan bolt 120 ce, tamu 230, in kuka jona shi kai tsaye zai ƙone nan take, sai da taransifoma mai ƙarfi, kuma garantin injin yawanci a ƙasar da aka saya yake aiki. Gara ku sayi zarton a Kano, wanda aka ƙera don wutarmu. Ni zan turo faifan lu'ulu'u biyu da kwalin takunkumi ta hannun mai zuwa gida bayan Sallah. Kafin nan ku sa a auna mini ramin tsakiyar faifan injinku, don na nan inci 5/8 ne, na wurinmu kuma sau da yawa milimita 20 ne, sai in nemo faifan da raminsa ya dace da injinku, don zobe babban rami yake ragewa, ba ya faɗaɗa ƙarami. A gaishe mini da Inna.